Tsatsar Kwamin Nasara

Cadawa, farkon Nuwamba 1960

Zuwa ga ƙanwata Maijidda,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Na'Allah da ɗiyata Tala. Mu nan sai godiyar Allah. Gyaɗa ta yi kyau bana, buhuna har sun fi ƙarfin sito.

Albishirinki. Gidan Nasaran nan da nake saya wa gyaɗa ya zama nawa. Tun kafin damina Nasaran, Mushe kamar yadda muke ce mishi, ya ji ƙamshin 'yanci ya tattara ya koma ƙasarsu, ni kuwa da aka ɗaga sabuwar tuta na je buro, ofishin hukuma, aka gama magana. Yanzu ɗan maƙerin Tibiri ne ke kwana a ɗakin da ko leƙa shi ba mu isa mu yi ba. Ki ce masha Allah.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a wuya. A bayan gidan akwai wani ƙaton kwami na siminti, fari, wanda Mushe ke cika wa ruwa ya faɗa ciki yana iyo kamar kwaɗo. Pisin suke ce mishi. Da zai tafi, duk tarkacen ƙarfen da ya kasa ɗauka cikinsa ya sa aka zuba, damina ta zo ta cika shi, ya kwana ya tashi a haka har kaka. Na sa an kwashe tarkacen an kwarfe ruwan, sai ga kwami ya koma ja wur da tsatsa. An dirza da sabulu, an dirza da toka da yashi, a banza. Wani mai shegen sani ya ce a zuba javel, ruwan nan mai faranta tufafi, muka zuba, jan ya ƙara duhu.

Nan na tuna da ke. Wa ya kai ki wanke ƙarfe a gidanmu? Tasoshin Inna da kike jiƙa wa tsamiya da lemun tsami har mutum ya ga fuskarsa ciki, ban manta ba. Ran sha takwas ga Disamba za a yi bikin Jamhuriya, kuma na gayyaci kwamanda da manyan 'yan kasuwar Maraɗi su ci abinci gidana. Ina so su tarar da kwamin nan fari fat, cike da ruwa. Ki zo, don Allah. Labo direba zai biyo da kamyo, babbar motar kaya, ranar kasuwar Gidan Rumji ya ɗauko ki.

Ki zo ke kaɗai. Kin san ba ni da komi da Na'Allah, amma bakin mutane bai gama mutuwa ba, kuma baƙin nawa manya ne.

Ki gaida mutanen gida. Allah ya sada mu da alheri.

Wanki,
Harouna

*

Gidan Rumji, Nuwamba 1960

Zuwa ga Yaya Harouna,

Ina gaishe ka da gaisuwar girma. Takardarka ta iso, na karanta na sake karantawa, na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida har Tala ta fito tana tambaya wa ya haihu. Allah ya sa gidan ya zama na albarka, ya kau da idon maƙiya. Kai da iyo kuwa! Kai da ko a tabkin bayan gari sai Yaya Rabo ya riƙe maka hannu. Zan zo in ga ikon Allah.

Tsamiya nake so mai yawa, tsohuwa, wadda ta yi baƙi, da lemun tsami, da tsummoki, da manyan tukwane. Kada a ƙara zuba wannan javel ɗin.

Amma Yaya, ƙarshen takardarka ya sosa mini inda yake yi mini ciwo. Ka ce in zo ni kaɗai. Na sani ba daga zuciyarka ba ne, shi ya sa zan faɗa maka abin da ba na faɗa wa kowa. Damina biyu ke nan tun da Baba ya rasu, muna cikin zaman makoki aka wayi gari uwar maƙerarsa ta ɓace, ƙarfen da kakanninmu suka yi ƙira a kansa. Don Na'Allah ne almajirin Baba, kuma ɗakinsa ke jikin maƙera, aka ce shi ne. Ya rantse da Allah, suka ce sun ji. To ka san mutanenmu, zuciyar maƙeri ba ta kwanciya sai wanda ake zargi ya dafa uwar maƙera ya rantse a gaban dattawa. Ita kuwa uwar ita ce aka ɗauke. Me zai dafa? Yaya Rabo ya karɓe masabar da Baba ya ba shi da hannunsa, ya ce ya bar Tibiri.

Tun ran nan ba maƙerin da ya yarda ya zauna masa kusa da wuta. Dako yake yi a kasuwa, mutumin da garmarsa har Cadakori ake zuwa nema. Tala ta daina zuwa rijiya tun da wata ta kira ta ɗiyar ɓarawo.

Kai kaɗai ne ba ka jefe mu da magana ba. Kai ka ce a bar wa Allah, kai ka raka mu bakin hanya ka sa mu a mota. Yanzu da Allah ya ɗaga ka, maganarka tana da nauyi a kunnen Yaya Rabo. Ba na roƙonka komi na aikin kwami sai wannan: ka yi masa magana a kan Na'Allah.

Ina jiran Labo. Allah ya ƙara girma.

Ƙanwarka,
Maijidda

*

Cadawa, ƙarshen Nuwamba 1960

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa da biyayya. Na iso lafiya, sai dai kamyon Labo ya girgiza ni har na manta sunana. Yaya jikinka? Yaya Tala? Ka hana ta yawo ba mayafi, sanyi ya fara.

Ban daɗe da Yaya Harouna ba. Ya tarbe ni da rago, ya zagaya da ni ɗaki-ɗaki yana buɗe tagogi yana rufewa don in ji ƙararsu, washegari ya wuce Gazawa sayen gyaɗa. Ya ce sai dab da biki zai dawo. Maganarka kuwa ya ce in kwantar da hankalina, bayan biki zai je Tibiri da kansa.

Maigida, da ka ga kwamin nan da ka yi dariya. Ya fi ɗakinmu da zaurenmu a haɗe, gefe guda ya kai ƙugu, gefe guda sai da tsani ake sauka. Duk wannan don mutum ɗaya ya jiƙa jikinsa, mu kuwa muna rabon tulu. Na tarar da shi ja tun daga baki har ƙasa, kamar an yi yanka an ƙi wankewa.

Ga yadda nake yi. Nakan jiƙa tsamiya ta yi kauri kamar kunu, in matse lemu a ciki, in tsoma tsummoki in shimfiɗa a kan jan. Sai in bar su, kada su bushe, ina bi ina yayyafa musu. In tsamin ya ci, in ɗaga in dirza da soso in ɗauraye. Wurin da ya yi taurin kai in sake masa. Hannuwana sun tsattsage, lemu na shiga yana yi mini waƙa, amma farin yana fitowa. Wani tsohon mai gadi, Malam Tanimu, wanda ya yi wa Nasaran aiki tun gina gidan, shi ke janyo mini ruwa. Ya ce bai taɓa ganin an yi wa siminti miya ba.

Abin da ya ba ni mamaki, jan nan hawa biyu ne. Na sama ruwa ne ya shafa shi ko'ina, shi yana fita da sauƙi. In ya fita sai ka ga na ƙasa, wato inda kowane ƙarfe ya kwanta ya bar siffarsa. Na ga da'irar gindin ganga, na ga ƙafafun gado, na ga sarƙa zobe-zobe kamar an zana. Ni da Malam Tanimu muka mai da abin wasa, ni in faɗi ko mene ne, shi ya ce na ci ko na faɗi. Har yanzu bai ce na faɗi ba. Saura gefen mai zurfi, can laka ta daskare, sai na kankare ta tukuna.

Ka ci abinci, kada ka ce sai na dawo. Allah ya bar mu tare.

Matarka,
Maijidda

*

Gidan Rumji, farkon Disamba 1960

Maijidda,

Na gaishe ki. Muna lafiya, Tala na gaishe ki, ta ce ki taho mata da lemu in ya rage.

Ki shafa man shanu a hannu kafin ki kwanta. Siffar da kike gani ba abin mamaki ba ne. Ƙarfe mai nauyi in ya daɗe a wuri ba ya tashi gaba ɗaya, sai ya bar wani abu nasa. Na ƙasan zai ba ki wuya, ki yi haƙuri da shi.

Jiya na kai buhu kusa da maƙerar bakin kasuwa, na ji ƙarar masaba, ƙafata ta ƙi tafiya. Na tsaya har mai kaya ya daka mini tsawa. Ba ƙarar tamu ba ce. Tamu in an buga sai ta yi amo ta ja shi. Har yau in na rufe ido ina ganinta, da wuyanta da ya ɗan karkace, da kunnenta na hagu da ya gutsure tun zamanin kakanku. Ba don ta wanke ni kaɗai nake son ganinta ba. Kewarta nake yi.

Kada ki matsa wa Harouna. Ranar da kowa ya juya mini baya shi ya riƙe mini kaya har mota. Mutum irin wannan ba a tuna masa alkawari. Ki yi masa aikinsa da kyau.

Allah ya dawo da ke lafiya.

Na'Allah

*

Cadawa, Disamba 1960

Zuwa ga Harouna, a Gazawa,

Na gaishe ka, don Inna ta koya mini gaisuwa.

Na kankare lakar gefen mai zurfi. Na shimfiɗa tsummoki kamar kullum, na ɗaga, na dirza. Jan sama ya tafi. A kusurwa, jikin bango, sai ga wata siffa ta fito, ta fi kowace duhu. Doguwa ce, gindinta tsini, kanta faffaɗa. Wuyanta a karkace. Kunnenta na hagu a gutsure.

Harouna, tun ina rarrafe nake zagaya ƙarfen nan. Ni ke share masa gawayi kowace safiya, a kunnen nan da ya gutsure na yanke a yatsa, tabon yana nan ina kallonsa yanzu da nake rubutu. Ko cikin ƙarafa dubu aka jefa uwar maƙerar Baba zan fid da ita. Na zauna a ƙasan kwamin nan, soso a hannu, ina kallonta.

Malam Tanimu ya leƙo yana dariya, ya ce, “To wanga fa, ɗiyar maƙera, mine ne?” Na ce ya faɗa mini da kansa. Ya ce, “Ai wani tsohon ƙarfe na, Mushe na son kayan da. Cikin ɗakinshi ya aje shi, yana nuna ma baƙi. Da za shi tahi ya yi mishi nauyi, ya ce a jefa nan.” Na ce a ina Mushe ya same shi. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan garin. Ya ce, “Wanki ya kawo mishi kado, kyauta ke nan, cikin buhun gyaɗa, bisa jaki. Ni na kama mishi muka sauke. Shekarar da tsohonku ya rasu, ina ce har gaisuwa Mushe ya yi mishi. Bayan nan ne aka ba shi sayen gyaɗar ƙasar ga duka.” Bawan Allah bai san abin da ya faɗa ba. Ya koma jan ruwansa.

Ashe ranar da ka ce a bar wa Allah, ka san abin da kake bar masa. Ashe da ka ɗauki kayan mijina ka raka mu mota, so kake ka tabbata mun tafi. Damina biyu ina sa ka a addu'a kafin in sa kaina. Na'Allah ya rubuto mini kwanan nan yana cewa kada in matsa maka, wai irinka ba a tuna masa alkawari. Takardar tana ƙugun zanena, na kasa sake buɗe ta.

Ba satar ce ta fi yi mini ciwo ba. Ka zauna a tabarmar makoki, ka ji ana kiran mijina ɓarawo, ka sunkuyar da kai kana jan carbi. Sa'an nan ka rasa wanda za ka kira ya wanke maka wurin sai ni.

Ina take yanzu? Ka faɗa mini inda ka kai ta.

Maijidda

*

Gazawa, Disamba 1960

Ƙanwata Maijidda,

Bayan gaisuwa, na ga takardarki, kuma na yafe miki zafin da ke cikinta. Rana ta dake ki a cikin ramin nan, ga gajiya.

Tsatsa ba ta da fuska, Maijidda. Kowa ya ƙura wa bango ido zai ga abin da zuciyarsa ke so. Tanimu kuwa tsufa ya cinye shi, jiya ma ba ya tunawa. Wa zai saurare shi?

To amma a ce ma haka ne. A ce ita ce. Ki tsaya ki yi tunani irin na manya. Baba ya rasu, Yaya Rabo yana da tasa uwar maƙerar, wannan sai a kafe ta a ɗaka ana yi mata kallon kabari. Nasaran ya daɗe yana tambayata irinta. Ƙofa ce ta buɗe sau ɗaya, kuma da ban shiga ba wani zai shiga. Kwanon da ke kan ɗakin Inna daga ina ya fito? Hatsin da ya riƙe gidanmu bara fa? Duk kun ci, ba wanda ya tambaya. Ban taɓa cewa Na'Allah ya ɗauka ba, ko sau ɗaya, ki tambayi kowa. Mutane suka faɗi abinsu. Da na buɗe baki a lokacin, da sunan gidanmu duka ne zai zube, har da naki.

Ƙarfen ba ya nan. Ya bi sauran tarkace cikin kamyo zuwa kudu, wataƙila ma an narke shi. Tono maganar ba zai dawo da shi ba.

Ga abin da zan yi. Akwai uwar maƙera irin ta Nasara a kantin Maraɗi, sabuwa, ta fi waccan girma. Zan saya wa Na'Allah ita da zugazugi da komi, in kafa masa rumfa a kasuwar Cadawa inda ba wanda ya san zancen Tibiri. Duk garmar manoman da nake sayen gyaɗarsu shi zai ƙera. Ku dawo nan da zama, Tala ta shiga lakol, makarantar boko. Kafin shekara ta zagayo wa zai tuna da wani tsohon ƙarfe?

Ke dai ki goge wurin, ki sa Tanimu ya cika ruwa, a bar kaza cikin gashinta. Ciki ɗaya muka fito, nono ɗaya muka sha, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Inna ba za ta iya ɗaukar wannan ba, kin sani. Ina tafe ranar jajibirin biki. Ina so in tarar da shi fari.

Allah ya huci zuciyarki.

Wanki mai ƙaunarki,
Harouna

*

Cadawa, jajibirin biki

Harouna,

Sallama. Za ka sami wannan a hannun Malam Tanimu, ni na tafi.

Na gama aikinka. Kwaminka ya yi fari fat, ganga ta fita, gado ya fita, sarƙa ta fita. Wuri ɗaya na bari, kuma da yake kewayensa ya yi fari, daga bakin ƙofa ma ana hango shi.

Na aika wa Na'Allah tayinka, don ba ni da ikon ɓoye masa. Ya ce a gode maka, amma a ƙasar da aka kira shi ɓarawo yake so ya kunna wuta.

Jiya na sa Labo ya kawo Yaya Rabo da dattawan maƙera, ya biya ya ɗauko Na'Allah. Tsani kawai na nuna musu. Yaya Rabo ya sauka, ya tsaya, ya durƙusa ya bi wuyan da yatsa har zuwa kunnen. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar Baba. Dattawa suka ce inda uwa ta kwanta ta bar jikinta, uwa ce. Na'Allah ya dafa ya rantse. Yaya Rabo ya zaro masabar Baba daga jakarsa ya sa masa a hannu, ya kasa dubansa.

Suka tambayi yadda ta zo gidanka. Na ce mai gidan yana tafe.

Ban sa an cika ruwa ba. Yaya Rabo yana zaurenka, ya ce ba zai koma Tibiri ba sai kai ma ka sauka ka dafa, ko gaban baƙinka ko bayansu. In ba za ka iya ba, na bar sauran tsamiya a tukunya kusa da wurin, da soso. Ta isa ta fid da shi. Ka goge da hannunka, yana kallo.

Na gaishe ka.

Maijidda, matar Na'Allah maƙeri